Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Masu Karatu ta Hausawan Jidda

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa.

Bana mun ci gaba da zaman wata-wata, ranar Juma'a bayan Isha'i, sai Ramadan da lokacin aikin Hajji da muka ɗaga, saboda yawancinmu hidimar alhazai ke ɗauke mu.

Abin da ya raya zaman bana shi ne wani littafin ƙagaggen labari na ƙungiyoyin asiri da alamomi da muka karanta a fassarar Larabci. Ni kaina dare uku na yi ina cewa babi ɗaya kawai zan ƙara, sai kiran sallar Asuba ya riske ni. Waɗanda suka daɗe da ɗauke ƙafa sun dawo, har tabarma ta yi mana kaɗan.

Da farko Baba, dattijonmu, bai so ba. Ya ce yara za su haɗiye ƙagaggen labari su ɗauka tarihi ne. Gaskiyarsa, domin a zama na biyu wani ƙanenmu mai canjin kuɗi ya zaro takardar dalar Amurka ɗaya, ya haska bayanta da fitilar waya: ga gini irin dalar gyaɗar Kano mai hawa 13, ga ido a samansa, ga 1776 da harufan Rumawa a gindi. Ya rantse hatimin ƙungiyar asirin nan ta Illuminati ne, tunda a ranar 1 ga Mayu, 1776 Adam Weishaupt, malamin shari'a a Ingolstadt ta ƙasar Jamus, ya kafa ƙungiyar.

Baba ya ce a je a bincika. Da aka dawo sai ga shi 1776 ɗin shekarar shelar 'yancin Amurka ce. Hatimin kuwa majalisarsu ta amince da shi a 1782, bai hau takardar dala ba sai 1935, alhali mahukuntan Bavariya, yankin da Ingolstadt take, sun haramta ƙungiyar tun 1785. Abin da ya faranta mini rai, sanin haka bai rage wa kowa daɗin littafin ba. Daga ranar muka mai da shi ƙa'ida: duk littafin da za a karanta, mutum biyu za su ware mana abin da ya faru daga abin da marubuci ya ƙaga.

Mun kuma zaga Balad, tsohuwar Jidda da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014, matasa na ta ɗaga kai suna neman alama a sassaƙar tagogin katako.

Inda muka gaza shi ne kuɗin wata. Da yawa ba su biya ba, shi ya sa kwafi biyu kacal muka yi ta karɓa-karɓa, har bangon ɗaya ya cire. Don Allah a kai wa ma'aji kafin zama na gaba, mu samu na sayen littattafai a baje kolin Jidda. Mata sun nemi a ba su zaɓen littafin farko na baɗi, kwamiti ya amince.

Wassalam,
Sakatare