Wasiƙar Ƙorafi Zuwa Ga Kamfanin Da Ya Sayar Mana Da Gidaje Bisa Alƙawarin "Minti 20 Zuwa Tsakiyar Gari"

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa ne a bainar jama'a a kan jimla guda da ke jikin allunan tallanku da takardun da dillalanku ke rabawa: "Minti 20 zuwa tsakiyar gari." Ina cikin waɗanda suka sayi gida a rukunin gidajenku na bayan gari, kuma wannan jimla ce ta sa na sa hannu. Ni da maƙwabta mun kai kuka ofishinku a rubuce, aka ce mana cunkoson hanya ba laifin kamfani ba ne. Yanzu ga shi kun fara tallar kashi na biyu da wannan lissafi dai, shi ya sa na fito da maganar fili.

Ginin kansa ba ni da ta cewa a kai. Ɗakuna da faɗi, unguwa shiru, yara na da wurin wasa. Na kuma yarda ba ku kuka tara motocin da ke kan babbar hanya ba. Amma ku kuka rubuta lambar, kuma da ita kuka jawo mu. Duk wanda zai bar cikin gari ya koma gefe ya san ciniki yake yi, zai ba da lokacinsa ya karɓi fili da sauƙin farashi. Haƙƙinsa ne ya san lokaci nawa zai bayar. Farashin gida kun rubuta shi daidai a yarjejeniya, faɗin fili an kawo safiyo ya auna, sai lokacin tafiya kaɗai aka bar wa masu talla su rubuta abin da ya yi musu daɗi, alhali shi ne abin da mutum zai riƙa biya safe da yamma muddin yana zaune a gidan.

Mun gano yadda aka samo minti 20 ɗin. Ran da dillalinku ya kai mu ganin gida, ranar hutun ƙarshen mako ce da rana tsaka, hanya fayau, har yana nuna mana agogon mota da muka iso. A ranar aiki labarin daban ne. Rukunin gidajen gaba ɗaya ƙofa ɗaya gare shi, kuma ta buɗe ne kai tsaye a kan babbar hanya, ba danja, ba shataletale. Kafin ƙarfe bakwai na safe layin motoci ya riga ya miƙe daga ƙofa har cikin unguwa. Mai gadi kan bar rumfarsa ya shiga tsakiyar titi yana ɗaga hannu yana roƙon direbobi su bari mota ɗaya ta fita. Minti 20 ɗinku sukan ƙare mutum bai hau babbar hanya ba. Tafiyar da ake yi da gaske awa ɗaya ce, ran da aka yi ruwa ko wata babbar mota ta lalace sai ta doshi awa biyu.

Wannan ba abu ne da zai ɓace wa injiniyoyinku ba. Sanannen abu ne a harkar tsara hanyoyi cewa layi ɗaya na babban titi, ko a yanayi mafi kyau, motoci wajen 2,000 yake iya ɗauka a awa. Muddin motoci ba su kai wannan adadi ba, tafiya na gudana. Da zarar sun kusa cika shi, 'yan motoci kaɗan da suka ƙaru sun isa su tsayar da kowa. Saboda haka raba kilomita da gudun mota ba ya ba da lokacin zuwa aiki. Sannan ma'aikaci ba da matsakaicin lokaci yake tsara fitarsa ba. Da rana mafi muni yake tsarawa, don bai san ran da hanya za ta toshe ba, shugabansa kuma ba zai karɓi uzurin cunkoso kullum ba. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a layinmu da ke fita tun da sauran duhu domin ta karɓi aiki a kan lokaci. Yaranta a kujerar baya suke ƙarasa barcinsu, sanye da kayan makaranta.

Ku yi lissafin da kanku. Wanda aka ƙara wa minti 40 a zuwa, 40 a dawowa, kwana biyar a mako, mako 48 a shekara, ya yi asarar awa 320. Kwanakin aiki 40 ke nan na awa takwas-takwas, ba ko sisi a kai. Tun 1994 masanin kimiyya ɗan ƙasar Italiya Cesare Marchetti ya nuna cewa a tsawon tarihi mutane kan ware kusan awa ɗaya ne a rana don zirga-zirga, zuwa da dawowa. Tallarku ta sa mu cikin wannan awa ɗaya, hanyar kuma ta ninka ta. A 2008 masana tattalin arziki Alois Stutzer da Bruno Frey, da suka bi bayanan magidanta a Jamus, sun gano cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki ba su kai sauran jin daɗin rayuwa ba, kuma babban gida ko ƙarin albashi bai cike musu gurbin ba. Mu da ke komawa gida bayan yara sun kwanta mun san haka a jikinmu.

Ga kuma kuɗi. A taswirar da kuka ba mu akwai tashar bas a bakin ƙofa, dillali ya ce kamfani zai kawo bas mai kai ma'aikata gari. An gina rumfar jira, an shafa mata fenti, bas bai taɓa tsayawa a wurin ba. Gidan da miji da mata ke aiki a wurare daban dole ta sa sun nemi mota ta biyu, da man da za ta sha da gyaranta da inshorarta. Wanda ba shi da mota, kamar ɗalibai da masu aikin gida, sai ya taka har babbar hanya ya tsaya a gefen titi. Wata cibiya a birnin Chicago na Amurka mai suna Center for Neighborhood Technology ta daɗe tana cewa a haɗa kuɗin gida da na sufuri wuri guda kafin a kira gida mai araha, kuma kada su wuce kashi 45 cikin 100 na abin da iyali ke samu. Da wannan ma'auni, rangwamen da kuka yi mana tinƙaho da shi ya tafi a gidan mai.

Da muka matsa, wani jami'inku ya ce mu yi haƙuri, za a faɗaɗa babbar hanyar. Ba ku ke da hanyar ba, ba ku da ikon yin alƙawari a kanta. Ko an faɗaɗa ma, binciken Gilles Duranton da Matthew Turner na 2011 a biranen Amurka ya nuna tafiye-tafiyen motoci kan ƙaru kusan daidai da yawan titin da aka ƙara. Ku kanku kuna shirin zuba wasu ɗaruruwan motoci a wannan ƙofa ɗaya idan kashi na biyu ya cika.

Abin da muke nema a hannunku yake. Ku cire "minti 20" daga duk tallarku, ku sa lokacin da aka auna a ranar aiki da safe da yamma, daga ƙofar gida, mafi ƙaranci da mafi tsawo. Manhajar Google Maps ma tana ba mutum damar zaɓar rana da lokacin tashi ya ga kiyasin, balle kamfani mai ma'aikata da motoci. Ku buɗe ƙofa ta biyu kafin ku miƙa makullin gida ko ɗaya a kashi na biyu, ku nemi izinin hukuma a sa danja a mahaɗar. Bas ɗin da kuka yi alƙawari ku kawo shi da jadawali a rubuce, ko ku zauna da mazauna a tattauna diyya. Masu niyyar saye kuwa, ku ba su damar zuwa ranar Litinin da sassafe su tsaya a ƙofa su tambayi masu fita.

Muna jiran amsa a rubuce cikin kwana 30. In ba mu samu ba, za mu kai takardun tallarku da taswirar tashar bas gaban hukumar kare haƙƙin masu saye, da sa hannun duk magidantan da abin ya shafa.

Na gode.

Naku,
Wani magidanci a rukunin gidajenku na bayan gari