Wa ke biya na? Amsa ga Malam mai tambaya a rediyo

Malam, assalamu alaikum.

An turo mini faifan shirin da ka yi, inda ka kama sunana a gaban masu sauraro ka jefo mini tambayoyi uku. Ka ce in faɗa wa duniya wa ke biya na, da nake ta rubuta cewa ƙasashe maƙwabta su gyara tsakaninsu kafin kowace ta zaɓi babbar ƙasar da za ta jingina da ita. Ka ce ina nake lokacin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Sannan ka ce me mai zaman ofis ya sani game da yaƙi. Wannan ta ƙarshen ba zan ɓata tawada a kanta ba, tunda kai ma ba daga fagen daga ka gabatar da shirin ba.

Ta farkon ce ta yi mini zafi, kuma na san don ta yi zafin ka yi ta. Babu mai biya na. Rubuce-rubucena suna nan, mai son tonawa ya tona. Da Faransa ce ke biya na, da tuni ta nemi a mayar mata da kuɗinta, domin na soki sansanoninta na soja da tsarin kuɗin sefa tun lokacin da wasu zakarun kishin ƙasa na yau ke bin layin biza a ƙofar ofishin jakadancinta. Ban ce da kai nake ba, Malam. Amma in ka tsargu, ba ni na tsarge ka ba.

Abin da na rubuta, wanda ka karanto rabinsa ka haɗiye rabi, shi ne: korar wani ubangida a ɗauko wani ba 'yanci ba ne. Sojojin Faransa sun bar Mali a 2022, sun bar Burkina Faso da Nijar a 2023, Amurka ma ta kwashe nata daga sansanin Agadas a 2024. Ban zubar da hawaye ko ɗigo ba. To amma sojojin hayar Rasha sun riga sun sauka a Mali, masu horar da soja daga Mosko sun isa Yamai a Afrilun 2024, kuma har yau da sefa ake ciniki a Bamako da Wagadugu da Yamai. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Batun takunkumi kuwa, ai ba ka yi bincike ba kafin ka buɗe baki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyakoki aka yanke wutar lantarkin da Najeriya ke bai wa Nijar, na ce zalunci ne, domin majinyaci da mai ƙaramar sana'a aka hukunta, su da ba su kifar da gwamnatin kowa ba. ECOWAS da kanta ta janye takunkumin a Fabrairun 2024 ba tare da ta cimma abin da ta nema ba. Sai dai kuskuren shugabanni bai shafe yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ba, wadda ta bai wa talaka damar ƙetare iyaka babu biza. Ita nake karewa. Ficewar Mali da Burkina Faso da Nijar daga ECOWAS ta tabbata a 29 ga Janairun 2025, amma iyakar da ke tsakaninsu da maƙwabtansu tana nan inda take, ba ta matsa ko taku ɗaya ba.

Dubi abin da ya faru da bututun man Nijar, ka ga inda rashin jituwar maƙwabta ke kai mutane. Bututu ne mai tsawon kusan kilomita 2,000, daga Agadem zuwa tashar ruwa ta Seme a Jamhuriyar Benin, kamfanin CNPC na China ne ya shimfiɗa shi. An gama aiki, mai ya iso bakin teku, sai a Mayun 2024 Benin ta ce ba za a yi lodi ba tunda Nijar ta ƙi buɗe iyakarta. Wa ya shiga tsakani har jirgin farko ya ɗauka? Tawagar China. Ƙasashe biyu da kogi ɗaya ya raba, gada ɗaya ta haɗa Gaya da Malanbil, sai da baƙo ya taso daga wata nahiya ya zaunar da su, shi ma don dukiyarsa ce ke kwance. Ko wata guda ba a yi ba Benin ta kama 'yan Nijar biyar a tashar, Nijar ta rufe famfo. Wannan ne ikon cin gashin kan da kake yi mana waƙarsa?

Ba mu kaɗai manyan ƙasashe ke zawarci ba, kuma wasu sun fi mu iya karɓar baƙi. Ƙasashe biyar na Tsakiyar Asiya suna matse tsakanin Rasha da China, ga Amurka da Tarayyar Turai na leƙowa. Tun daga taron Astana na 2018 shugabanninsu suka koma zama su kaɗai, sannan su je wurin manyan a tare: sun zauna da China a birnin Shiyan a 2023, sun zauna da shugaban Amurka a cikin 2023 ɗin, sun karɓi Turawa a Samarkand a 2025, ba su kuma yanke hulɗa da Mosko ba. Kirgizistan da Tajikistan, da suka gwabza a kan iyaka a Satumbar 2022 har aka rasa rayuka kusan 100, sun sa hannu kan yarjejeniyar iyakarsu a Maris ɗin 2025, su da kansu. Ban ji wanda ya tambaye su wa ke biyan su ba.

Kada ka ce na ɓoye inda abin ya gaza. Ƙungiyar ASEAN ta ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya, da aka kafa a 1967, ta tashi daga taron ministocinta na 2012 a Kambodiya babu sanarwar bayan taro, karon farko cikin shekara 45, saboda mai masaukin baƙi ta ƙi yarda a ambaci rikicin tekun da ke tsakanin China da wasu mambobin. Babbar ƙasa ba ta buƙatar ta saye ƙungiya gaba ɗaya, mamba guda ya ishe ta. Shi ya sa suka fi son ciniki da mu ɗaya bayan ɗaya, a ɗaki a rufe.

Abin da ya fi damuna ma ya wuce kai, Malam. Muhawararmu ce ta lalace. Yanzu ba a tambayar mutum hujjarsa, tuta ake tambayar sa: ta Faransa ko ta Rasha? Wanda ya ce a tsaya a karanta takarda kafin a sa hannu, an shafa masa kashin kaji, ya zama karen farautar Turawa. Masu shirye-shirye irin naka sun gano cewa zagi ya fi bayani tara masu sauraro, kuma ban ga laifinku sosai ba, kowa da hanyar cin abincinsa. Amma a daidai lokacin da kuke wannan, Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi mai yaƙi da Boko Haram a Maris ɗin 2025, alhali masu ɗauke da makaman ba su taɓa tsayawa a shingen kwastan a buga musu hatimi ba. Wannan bai samu ko minti biyar a shirinka ba.

Tunda kai ka buɗe ƙofar tambaya, ga tawa guda ɗaya. Cikin yarjejeniyoyin tsaro da na ma'adinai da aka ƙulla da sababbin abokan da kake yabo, wacce ka taɓa gani a rubuce? In kana da ita, karanto mana sharuɗɗanta a shirinka na gaba, sakin layi bayan sakin layi, har da wurin da aka rubuta abin da za a ba su a madadin taimakon.

Wassalam.