Itacen shayi a turaren wuta: a san abin da ake saya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Mu masu sana'ar haɗa turaren wuta da humra ne a Garwa, arewacin Kamaru. Muna roƙon ɗan fili kan itacen shayi, wanda wasu ke lissafawa cikin kayan ƙamshi na asali har suna jera shi da sandal.

Ba sa'an sandal ba ne. Ƙamshin shayi a ganye yake, shi ma sai an sarrafa ganyen yake fitowa sosai. Itacen ba shi da mai irin na sandal. In aka ɗora shi tsura a garwashi, ɗan hayaƙi mai sauƙi kawai za a ji. Amfaninsa shi ne ɗaukar turare. Ba ya gardama da madarar turaren da aka zuba masa, abin da ka ba shi shi zai mayar maka. Kada kuma a rikita shi da man "ti tiri" da ake sayarwa a ƙananan kwalabe. Wannan daga wata bishiya ce ta Ostireliya, warinsa na magani ne, ba ruwansa da shayin sha.

Shayi ba ya yi a Garwa ko Marwa ko Njamena, domin yana son ƙasa mai tsami da ruwan sama mai yawa, kimanin milimita 1,200 zuwa sama a shekara. A Kamaru ana nomansa a Tole kusa da Buea, da Ndu, da Djuttitsa wajen Dschang, sai kuma tsaunin Mambila a jihar Taraba ta Najeriya. Duk bayan shekara 3 zuwa 5 ake sassabe rassan don bishiyar ta tsaya daidai hannun mai tsinka. Wannan ne ya ja hankalinmu: itace ne da za a yanke ko da mu ko ba mu, alhali ɗorot da talha, itatuwan da aka saba haɗa turaren wuta da su, sai an shiga daji an sare su, dajin namu kuwa kowa na ganin yadda yake ƙarewa.

A zaɓi reshe mai kaurin babban yatsa zuwa sama. A ɓare ɓawon duka, domin a nan gansakuka take, a nan kuma ragowar maganin feshi ke maƙalewa, ba abin da za a shaƙa a ɗakin amarya ko na mai jego ba ne. A faskara shi tsawon gaɓar yatsa, a shanya a inuwa mako 3 zuwa 4. Lokacin hunturu ya fi. Itacen daga ƙasar damshi yake zuwa, sau da yawa bayansa ya bushe amma cikinsa ɗanye ne. A karya guda: busasshe yana ɓallewa da ƙara, ɗanye lanƙwashewa yake. Wanda ya yi gaggawa a nan, bayan wata guda zai tarar da fumfuna a kwalba, hayaƙin kuma ya riƙa yaji a ido.

Ga kilo 1 na itace, a sa sukari giram 400 da ruwa mililita 200 a tukunya mai kauri, wuta kaɗan-kaɗan, har ya yi danƙo ya ɗauki kalar zuma. In ya yi baƙi ya ƙone ke nan, a zubar. Ba turaren da zai rufe ƙaurin sukari. A juye itacen a juya har kowane guda ya samu, a sauke. Sai ya huce, hannu na iya taɓawa, sannan a zuba madarar turare mililita 120 zuwa 150, da garin farcen turare (murfin wani dodon-koɗi na teku) da aka wanke aka soya, cokali 2, don ya riƙe ƙamshi. Masu zuba madara tukunya na kan wuta asara suke yi, zafi ne ke kwashe mafi daɗin ƙamshin. A rufe a kwalbar gilashi mako 4, ana girgizawa bayan kwana bibbiyu. Roba tana shanye turare.

Mai son a ji ƙamshin shayin kansa, ganye zai nema. Koren shayin nan da ake dafawa a butoci daga Ngaundare har Abeshe ya isa. A jiƙa giram 100 cikin rabin lita na itanol, wato sinadarin barasa irin na masu turare, mako 6 a wuri mai duhu, a tace, a yayyafa wa itacen ya sha iska kafin a sa sukari. A yi nesa da wuta, kuma kada a kuskura a sa metanol, wani sinadari mai kama da itanol, guba ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da itanol ba ya jiƙa ganyen a man sandal, sai dai ƙamshin zai fi rauni.

Ga 'yan'uwa masu saye, kafin a biya kuɗi a nemi guda ɗaya, a tsaga shi, a shinshina cikin, a ɗora a kasko. In bayansa na tashin ƙamshi mai ƙarfi amma cikinsa shiru, fesa masa turare aka yi, kuɗin itace kawai ya kamata a biya.

Wassalam.

Wasu masu haɗa turaren wuta,
Garwa, Kamaru