A Tsara wa Jihar Damagaram Hanyoyin Ƙafa da na Keke

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in kai shawara ga hukumomin jihar Damagaram da na birninmu a kan abin da na daɗe ina juya shi a raina, wato tsara hanyoyi na musamman ga masu tafiya a ƙafa da masu keke, waɗanda za su haɗa Zinder da garuruwan da ke kewaye da ita. Na shekara ashirin da biyu ina koyarwa a makarantun karkara, kuma keke ne ya kai ni mafi yawan wuraren da na yi aiki.

Idan ana zancen hanya a wurinmu, hankali yakan tafi ga kwalta, wato babbar hanya mai lamba 1 da ta fito daga Yamai ta bi Takeita ta ratsa Zinder zuwa Mirriya da Gure har Diffa, ko mai lamba 11 da ta nufi Tanut da Agadas. Waɗannan hanyoyi an yi su ne domin mota, amma wanda ya tsaya a bakinsu da sassafe ranar Alhamis, ranar da kasuwar Zinder take ci, zai ga mata da ƙwaryar nono a ka, da masu keke ɗauke da itace ko buhun gero, da amalanken shanu, da ɗalibai, dukansu suna raɓe a gefen kwalta manyan motoci suna wuce su da iska. Na taɓa rasa ɗalibi a irin wannan gefen hanya, yaro ɗan aji shida da yake tuƙa keken mahaifinsa, kuma har yau ba na wuce wurin ba tare da na yi masa addu'a ba.

Shawarata ita ce kada a zauna a ofis a ja layi a kan taswira. Hanyoyin suna nan, ƙafafun kakanninmu ne suka fitar da su tun kafin Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa, tun ayarin fatake yana sauka a Zango. Aikin farko shi ne a bi su ƙauye ƙauye tare da masu gari da makiyaya da matan da ke zuwa kasuwa, a rubuta inda kowace ta tashi da inda ta ƙare, da wadda kwari yake yankewa da damina, da wadda gonaki suka cinye har ta koma siririya kamar zare. Sa'an nan a zaɓi waɗanda suke kai mutum kasuwa da makaranta da asibiti, a fara da su. Ni da za a tambaye ni, da tsakanin Zinder da Mirriya zan fara, domin kilomita 18 ne ko kusa da haka, tafiyar da mai keke zai yi cikin awa ɗaya da ƴan mintoci idan ƙasa ta yi kyau. Bayanta sai Durum da Dogo da Tirmini.

Inda aikin zai yi nauyi shi ne maganar fili. Hanyar da ba a shata iyakarta ba, kowace damina sai garma ta ɗan gutsure ta, kuma babu manomin da zai yarda shi ne ya ci. Alhamdu lillahi muna da abin dogaro, domin dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, dokar kiwo ta 2010 kuma ta ƙara kare burtali. Yadda aka kafa turakun siminti a wasu burtalai bayan an zauna da manoma da makiyaya, haka ya kamata a yi wa hanyoyin ƙafa, a rubuta yarjejeniya, mai gari da liman su shaida. Sai dai ina gargaɗi da babbar murya kada a ga burtali fili ne a buɗe a ce a zuba hanyar keke a cikinsa. Burtali na dabbobi ne, kuma wanda ya matse shi ya tura shanu gona, ya tayar da rikicin da aka sha wahala kafin a kwantar.

Gina hanyar ba ya buƙatar kwalta. Abokan gaban mai keke a nan su ne yashi da ƙaya, wanda kuwa ya taɓa tura keke a cikin rairayi da rana tsaka, ko ya yi faci sau uku a yini ɗaya saboda tsidau, ya san abin da nake faɗa. Marmara da aka daddaɓe, faɗin mita biyu zuwa uku, ta wadatar, da ƙaramar gada a inda ruwa yake ratsawa. A bar wa amalanke nata sawu a gefe, domin ƙafarta tana farfasa marmara idan ƙasa ta jiƙe. Turaku a bakin hanya za su hana mota shiga, amma ba za su hana babur ba, saboda haka dole a zauna da ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu tun kafin a zuba tifa ɗaya ta ƙasa.

Sai inuwa da ruwa. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, kuma hanyar da ba ta da inuwa babu mai bin ta. Manoman Magarya da Matameye da Mirriya sun nuna wa duniya yadda ake raya gawo a gona ba tare da dashe ba, ta hanyar barin tohon da ya fito da kansa a sassabe shi a kiyaye shi. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, daidai lokacin da matafiyi yake neman mafaka. A kiyaye wanda ya tsiro a gefen hanya, a cike giɓi da bedi ranar 3 ga Agusta da muke bikin dashen itatuwa, a damƙa wa kowane ƙauye da kowace makaranta nasu yanki. A kowane kilomita huɗu ko biyar a kafa rumfa, kuma na tabbata ba za a rasa mai ajiye randar ruwa ta sadaka ba, domin al'adarmu ce.

A cikin birni kuma, da'irori biyar na Zinder su yarda da zane ɗaya, don kada hanya ta zo bakin gari ta mutu. Ta shiga har kasuwar Dole, ta kai ɗalibai Jami'ar André Salifou, ta bi ta Birni zuwa ƙofar fada. Ina roƙon a saka wannan aiki a cikin tsarin raya jiha da na kowace ƙaramar hukuma, tare da kuɗin gyara na kowace shekara bayan ɗaukewar ruwa, kuma idan aka tashi bin hanyoyin don rubuta su, ina cikin waɗanda za su ba da lokacinsu kyauta.

Wassalam,
Tsohon malamin makaranta,
Unguwar Birni, Zinder.