Bayanin Kwamitin Gyaran Ajujuwa Huɗu na Firamaren Unguwarmu a Katsina

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu da 'yan'uwa. Tun da aka buɗe ajujuwan ake tare mu a ƙofar masallaci da wurin ɗaurin aure ana tambayar inda kuɗin gudummawa ya shiga. Haƙƙinku ne ku tambaya. Rasit ɗin kowace sayayya yana hannun ma'ajin kwamiti, kowa na iya zuwa ya duba.

Kun san guguwar farkon damina ce ta yaye rufin, bango biyu kuma suka tsage. Da amincewar hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma muka fara da tada bango. Mun bi yadda aka saba a aikin gwamnati: injiniya ya gama ƙiyasi, sannan aka nemi farashi daga dillalai uku. A nan muka sha kashi. An yi ƙiyasin a ƙarshen 2023, buhun siminti bai kai naira dubu shida ba. Kafin gudummawa ta taru, watan Fabrairun 2024 ya shigo, buhu ya haura dubu goma a wurare da dama. Dillalin da ya fi sauƙi ya ce farashin da ya rubuta mana ya mutu tuni. Abin da aka ware wa silin duk siminti ya cinye shi.

Sai maganar kwano, wadda ta fi jawo mana surutu. Ana cewa mun kira dillali tun ba a gama zanen rufi ba, mun ba shi kafin alƙalami, don haka akwai lauje cikin naɗi. Gaskiya ne mun kira, amma mutum uku muka kira, biyu daga nan Katsina, ɗaya daga Kano, muka zaunar da su rana ɗaya tare da kafinta da injiniya a gaban mai unguwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba mu yarda abin da ya faru da siminti ya maimaitu ba.

A zaman nan muka ji abubuwan da babu su a takardar ƙiyasi. Sun ce dogon kwanon alminiyom ana yanka shi daidai tsawon rufi, babu haɗi a tsakiya, kuma ta wurin haɗin iska ke samun shiga. Sun nuna mana bambancin mai kaurin milimita 0.45 da mai 0.55 da hannu, kowa ya lanƙwasa ya ji. Ɗayansu ya lura tazarar katakon da aka zana ta yi faɗi, aka rage ta, aka ƙara ɗaure katako da rodi a jikin linta. Bayan haka kowannensu ya kawo farashinsa a rufe, aka buɗe a bainar jama'a. Wanda ya ci ba ɗan'uwan kowa ba ne a cikinmu. Kafin alƙalamin kuwa, shi ya riƙe mana farashi wata biyu har kuɗi suka cika. E, ya fi kwanon da muka saba tsada. Wanda muka saba ɗin ne dai muka tsinto a bayan gidajen mutane.

Godiya ta musamman ga Alhajinmu mazaunin Legas da ya ɗauki rabin kuɗin kwano, ya kuma hana a faɗi sunansa. Allah ya jiƙan mahaifansa, ya ƙara buɗi. Haka tsofaffin ɗalibai, da iyayenmu mata da suka ba da kwasar adashinsu guda, da matasan da suka yi ta ɗiban yashi kyauta cikin azumi.

Har yanzu babu silin, kuma in zafin Afrilu ya zo yara ba za su iya zama ba bayan ƙarfe sha ɗaya. Aji biyu a tabarma suke karatu. Banɗakin 'yan mata ko tono ba a fara ba. Mun riga mun zauna da masu silin da masu benci, sun ba mu wata ɗaya a kan farashin yau. Mai buhu ɗaya ya kawo, mai katako ya kawo, ma'aji yana makaranta kowace Asabar bayan la'asar.