Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarki Daga Iyayen Yara Masu Nakasa Da Doguwar Jinya

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,
ta hannun Sakataren Majalisar Masarauta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa da ban girma, mu ne iyaye da kakanni da 'yan'uwa masu rainon yaran da Allah ya jarrabe su da nakasa haɗe da ciwon da ba ya rabuwa da asibiti. A cikinmu akwai uwar da ɗanta ya shekara tara bai taɓa zama da kansa ba, akwai mai 'yar da aka haifa da buɗaɗɗen gadon baya, akwai wanda ruwa ya taru a kan ɗansa har aka sa masa bututu, akwai mai yaron da sikila ta shanye masa ɓarin jiki. A layin ganin likita muka san juna. Can muka gane cewa kukan da kowannenmu ke yi shi kaɗai a ɗakinsa iri ɗaya ne, sai muka ce mu haɗa shi mu kawo gaban uban ƙasa.

Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka muna neman izini mu fara da yadda yini ɗaya yake a gidajenmu. Yaron da ba ya iya juya kansa sai an juya shi kamar kowane awa biyu, dare da rana, in ba haka ba fatar ɗuwawu da ta ƙugu ta mutu, gyambo ya buɗe, kuma gyambon kwanciya yakan ci har ƙashi. Ba shi abinci kaɗai yakan cinye awa guda, cokali-cokali, ana tallabe da kansa, domin in ya ƙware abincin ya bi hanyar iska ya sauka huhu, ciwon huhu ne zai biyo baya, kuma shi ne ke yawan raba mu da waɗannan yara. Mai lalurar gadon baya sai an zare masa fitsari da roba sau da yawa a yini don kada ƙoda ta lalace. Ga wanki ba ya ƙarewa. Ga goyo: ɗan shekara goma sha biyu a bayan uwar da ita ma bayanta ya fara ciwo. Duk wannan muna yi, kuma ba mu zo mu ce mun gaji da 'ya'yanmu ba. Suna dariya, suna gane muryarmu, suna da abin da suke so da wanda ba sa so, kamar kowane yaro. Abin da ya kawo mu shi ne nauyin da ke wajen ɗaki, wanda uwa ba ta da ikon sauke shi komai ƙoƙarinta.

Na farko a cikinsa harshen mutane ne. Har yau ana ce wa mace ita ta jawo, ko alhakin wani ne ya kama ta, ko kuma yaron ba mutum ba ne. Akwai a cikinmu wadda aurenta ya mutu a kan wannan, aka bar ta da yaro ita kaɗai. Akwai gidajen da ake kulle yaro a ƙuryar ɗaki in an yi baƙi, don kada a ƙi auren yayyensa. Alhali likitoci sun san musabbabin yawancin waɗannan lalurori. Wadda suke kira serebral palsi, mai sandarar da gaɓoɓi ko ta sa jiki ya saki, tana samun kamar yara 2 zuwa 3 a cikin kowace haihuwa 1,000, kuma rauni ne a ƙwaƙwalwar da ba ta gama girma ba. Doguwar naƙuda da ta hana jariri iska tana kawo ta, haka haihuwar bakwaini, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma da yawa daga masu ita hankalinsu ras yake, bakin ne kawai ba ya ba su haɗin kai. In wannan bayani ya fito daga bakin Sarki, ya bi ta hakimai da dagatai da limamai, zai shiga inda maganar likita ba ta taɓa shiga ba.

Akwai musabbabi ɗaya da muke roƙon a tsaya a kansa, domin da yawanmu shi ya kai mu inda muke: shawarar jarirai. Jariri ya yi rawaya a kwanakinsa na farko, sai a ce a bari za ta wuce, ko a shanya shi a hantsi. Gaskiya ne wata takan wuce da kanta. Amma wadda ta bayyana tun a yinin farko na haihuwa, ko ta sauka har tafin hannu da tafin ƙafa, ko jaririn ya daina kama nono yana banƙarewa yana kuka mai tsini, wannan tana kan hanyar shiga ƙwaƙwalwa, kuma in ta shiga ɓarnar ba ta gyaruwa: gaɓoɓi su sandare, sau da yawa kunne ya tafi. Maganinta kuwa fitila ce mai shuɗin haske da ake kwantar da jariri a ƙarƙashinta na 'yan kwanaki, in ta yi tsanani a canza masa jini. Wata daga cikinmu ta kai jaririnta asibiti a kan lokaci, ta tarar fitilar ta lalace, kafin a tura su wani wuri an makara. Yaron yanzu ya girma, a bayanta yake. Muna roƙon Mai Martaba ya yi magana da hukumomin lafiya a tabbatar duk inda ake karɓar haihuwa akwai wannan fitila mai aiki da wutar da za ta riƙe ta, a kuma koya wa ungozomomi su duba idon jariri da dasashinsa a hasken rana kafin su sallami mai jego.

Haka ma buɗaɗɗen gadon baya. Lakar ɗan tayi tana rufewa ne cikin kwana 28 na farkon ciki, tun kafin mata da yawa su san sun ɗauka. Ƙwayar folik asid, maikirogiram 400 a kullum, tana rage haɗarin ƙwarai, amma sai an fara sha tun kafin cikin ya shiga. Wanda ya jira ranar awon farko ya riga ya makara. Da masu wa'azi za su sa wannan a cikin nasihar da suke yi wa masu shirin aure, da an tsare gidaje masu yawa.

Ga waɗanda lalurar ta riga ta same su, babbar buƙatarmu gashin ƙashi ne a kusa. Gaɓar da ba a motsa ta kullum tana ƙanƙancewa, gwiwa ta ƙi miƙewa, ƙugu ya goce, baya ya karkace. Masu wannan aiki kuwa a manyan asibitoci suke, kuma zuwa wurinsu yini guda ne cur: a ɗauko yaro a goye, a roƙi mai abin hawa ya yarda ya ɗauke mu, a bar sauran yara da sana'a, a yi layi don gashin da bai kai awa guda ba. Shi ya sa iyaye ke farawa da ƙarfi, bayan wata biyu su sare, sai a ce ba su damu ba. Muna roƙon a ware rana ɗaya a mako da ma'aikacin gashi zai riƙa zuwa ƙananan asibitoci, ya duba yara, ya koya wa iyaye motsin da za su riƙa yi a gida da yadda za su zaunar da yaro wajen ciyarwa. A wannan rana za a iya kama jariran da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa, kusan ɗaya cikin 1,000, waɗanda ake gyara musu ita da filasta mako-mako, sau biyar zuwa takwas, sannan takalmi na musamman da dare har su kai shekara huɗu ko biyar. Yaron da aka yi wa haka da wuri da ƙafarsa zai tafi makaranta.

Sai maganin farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya rabuwa da faɗuwa in suna samun maganin da ya dace. Sharaɗin shi ne kada ya yanke, domin dakatar da shi kwatsam yakan tayar da jijjigar da ba ta tsayawa, wadda in ta wuce minti biyar rai ke cikin haɗari. Mu kuwa sau nawa muke zuwa a ce ya ƙare, a dawo mako mai zuwa? Muna neman a yi rajistar waɗannan yara a asibitin da ya fi kusa da su, a riƙa ajiye musu maganinsu na wata-wata.

Batun keke yana buƙatar gyara, kuma muna faɗar haka tare da godiya ga masu kyauta. Akan raba kekunan guragu a wajen taro, a ɗauki hoto, amma kusan dukansu na manya ne. Yaron da ba ya riƙe wuyansa in aka sa shi a irin wannan keke zamewa yake yi, bayansa ya ƙara karkacewa, gyambo ya fito. Keke kamar takalmi ne, sai an auna mai shi, da matashin zama da abin tallabar kai da ɗamara, kuma sai an sake shi in yaro ya girma. Muna roƙon duk rabon da za a yi da sunan masarauta a sa ma'aikacin gashi ya auna yaran tukuna, a kuma koya wa kafintoci da masu walda yin kujerun zama da na tsayuwa da gyaran kekunan da suka lalace.

Makaranta kuma, abin da ke hana yaranmu shiga sau da yawa matakala uku ne da ƙofar ban ɗaki mai ƙunci. Gangaren siminti, mita 12 na tsawo ga kowace mita ɗaya ta tudu, aikin magini ne na 'yan kwanaki. Wani lokaci kuma shugaban makaranta ne ke cewa ba su da wurin irinsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta tanadi kulawa ta musamman ga yaro mai nakasa a sashe na 23, ta haƙƙin masu nakasa ta 2006 kuma ta ce a sashe na 24 kada a hana shi karatu tare da sauran yara. Muna roƙon kalmar Sarki a kan kada a sake mayar da yaro daga bakin ƙofa saboda ƙafarsa.

Allah ya taimaki Sarki, duk waɗannan ba za su yiwu ba in ba a san inda yaran suke ba. Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da nakasa a duniya, wato ɗaya cikin goma. Mu da muke zuwa asibiti mu ne ake gani, na cikin ɗaki sun fi mu yawa. Babu wanda ya san gida-gida kamar mai unguwa. Shi ya sa muke roƙon a umarci masu unguwanni, tare da ma'aikatan lafiya mata da za su iya shiga cikin gida, su rubuta kowane yaro da irin lalurarsa, cikin sirri da mutunci, ba don a tara su a nuna wa jama'a ba. Da wannan rajista a hannu, masarauta za ta iya fuskantar hukuma da masu hannu da shuni da adadi, a kuma san gidan da ya fi cancantar zakka da taimako.

Akwai tambayar da ke hana kowannenmu barci, ko da ba mu cika furta ta ba: in na mutu, wa zai riƙe shi? Uwar da ba ta yi barcin awa huɗu a jere ba tsawon shekaru ita ma marar lafiya ce. Muna roƙon a ba mu ɗaki ɗaya a wani ginin al'umma, inda za mu riƙa karɓa-karɓa wajen kula da yaran na 'yan awoyi, wata ta samu ta je neman abin kanta, wata ta ga likita, wata ta rintsa. Mu za mu riƙe wurin da kanmu. Muna kuma roƙon a ja kunnen mazan da ke guje wa ciyar da irin waɗannan 'ya'ya bayan rabuwar aure, in ƙararsu ta zo fada a saurare ta da gaggawa.

A ƙarshe muna neman alfarmar Mai Martaba ya ba wakilanmu lokaci su zo gabansa tare da wasu daga cikin yaran, kuma ya naɗa mutum ɗaya daga majalisarsa da za mu riƙa tuntuɓa a kan waɗannan buƙatu. In zai yiwu a yi wannan zama kafin 3 ga Disamba, ranar masu nakasa ta duniya, za mu zo da sunayen gidajen da muka riga muka sani don a fara rajistar da su.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu ne masu biyayya,
Iyaye da masu kula da yara masu nakasa da doguwar jinya.