A Tallafa wa Masu Fasaha Masu Buƙata ta Musamman da Kayan Aiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka mai albarka domin in jawo hankalin hukumomi da ƙungiyoyin bayar da tallafi zuwa ga masu zane, sassaƙa, ɗinki da kiɗa waɗanda ke fama da nakasa, amma suka zaɓi dogaro da basirarsu.

Abin da ya fi tauye su shi ne tsadar kayan aikin da suka dace da jikinsu. Mai zanen da ke kan keken guragu yana buƙatar teburin da ake ɗagawa a sauke, makahon mawaƙi kuwa ba zai iya tace sauti ko amsa saƙon mai ciniki ba sai da manhajar da ke karanta masa rubutun kwamfuta. Idan aka saya masa kayan nan sau ɗaya, aikinsa yakan ƙara sauri, ɗan jarinsa kuma ya tafi wajen sayen fenti da tallata haja.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya nuna cewa kusan mutum biliyan 1 ba sa samun kayan taimako irin su keken guragu da suke buƙata. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu, a sashe na 27, ta ɗora wa gwamnatoci nauyin ƙarfafa musu gwiwar kafa sana'ar kansu.

A ganina, ya kamata tallafin ya haɗa da kuɗin gyara da horo, domin na'urar da ta lalace babu mai gyara ajiye ta kawai ake yi. A kuma sauƙaƙa takardun neman tallafin, a bar mai sana'ar ya zaɓi kayan da kansa.

Na gode.

Mai karanta jaridarka